Lallen Mai Takaba

Shafi na 14

Salamu alaikum ƴan gidan nan. Wadda ta aiko tana cewa wai na yi wa Sallau sharri, ta karanta na yau tukuna, sannan ta dawo mu yi magana.

Sababbin shigowa, ga inda muke. Shekarar da kuturta ta cinye gyada ce a ƙasar Magariya, bayan babban fari da ƴan shekaru, soja na mulki. Irin shuka ya ɓace, ko da kuɗinka ba ka samu. Malam Bubakar na Kwaya ya rasu ya bar buhu biyu na iri, ɓararre, zaɓaɓɓe, sai matarsa Tata da ƴaƴansa biyu, Sallau da ƙanwarsa Huraira. Tata na cikin takaba, ba ta fita ko ƙofar gida. Ana jiran ruwan farko a shuka, Huraira ta buɗe rumbu ta tarar wayam. Sallau ya ɗora wa jaki ya kai Magariya, gidan Iya Ɗela mai saukar baƙi, inda wata baƙuwa mai suna Gimbiya ke zaune. Ita ma wai takaba take. Wai mijinta babban ɗan kasuwar goro ne, ya mutu ya bar mata kamiyo, wato babbar motar kaya, da gida a Kano.

To mu je.

* * *

Rana ta kusa take tsaka Huraira ta iso ƙofar gidan, ƙafafunta fari fat da rairayi.

"Salamu alaikum."

Iya Ɗela ta leƙo, goro cike da kunci.

"Amin, alaikumus salam. Ƴar nan daga ina?"

"Daga Kwaya, Iya. Gaisuwar mutuwa na zo yi wa baƙuwarku."

"Ayya. Ai ba ta ganin mata."

"Ba ta ganin mata?"

"In ta ga mace sai kuka ya taso mata. Abin bai sake ta ba har yanzu."

"Maza fa?"

"Maza ai ba ganinta suke ba. Ta bayan asabari suke gaisawa."

Kun ji fa. Mai takabar da mata ke sa ta kuka, maza kuwa su sanyaya mata rai.

Huraira ta kwance bakin mayafi ta fito da goro biyu manya, farare.

"Ni ma ta bayan asabarin zan gaishe ta. Ɗaya naki ne, Iya."

Iya Ɗela ta dubi goron. Ta dubi hanya. Ta matsa gefe.

Ɗakin baƙuwar ƙofarsa a cikin zaure take, an sako asabari har ƙasa, an shimfiɗa sabuwar tabarma a gabansa. Huraira ta tsaya ta shaƙi iska. Turaren wuta. Mai tsada ma, irin na Barebari.

Ita da ta baro ɗakin mijinta a Dungas ta zo ta zauna da uwarta tun ranar rasuwa, ta san warin ɗakin takaba. Zane ɗaya ne. Kai babu kitso, babu mai. Ido babu kwalli. Ɗakin Inna warin hayaƙi yake da hawaye.

Ta zauna a kan tabarmar. Tabarmar ta yi ƙara.

Sai murya ta fito daga bayan asabari. Jama'a, muryar nan. In ta ce maka sannu sai ka ji kamar kai kaɗai uwa ta haifa a duniya.

"Kai ne? Tun safe zuciyata ke ce mini kana tafe."

"Ni ce."



Muryar ta dawo a raunane, har da shessheƙa.

"Baiwar Allah, ki yafe ni. Na zaci ƙanin marigayi ne."

"Ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya jiƙansa. Yaushe aka yi rasuwar?"

"Wata huɗu ke nan. Ƴan kwanaki suka rage in fita."

"Ashe kusan tare da babana."

"Allah sarki. Ashe ke ma kin san abin."

"Na san shi ƙwarai. Ga goro, ba yawa."

Ƙasan asabarin ya ɗaga kaɗan. Hannu ya fito.

Wannan hannun shi ne duk abin da mazan Magariya suka taɓa gani na Gimbiya. Dogayen yatsu, tafi kamar auduga, ga lalle ja wur har yana baƙi-baƙi. A hankali yake fitowa, ya buɗe, ya tsaya yana jira.

Huraira ba ta sa goro a ciki ba. Wuyan hannun ta cafke.

"Ke! Lafiya?"

"Ranar da babana ya rasu, da lalle a hannun innata, na sunan jikarta. Yau farcenta fari ne tas. Ya tsiro ya ture jan, na yanke mata da hannuna. Ke naki har gindin farce. Ƙunshin nan bai yi mako ba."

Hannun ya daina ja.

Sai dariya. Ba muryar ɗazu ba ce. Wannan irin ta matan tasha ce, mai kauri.

"Sake ni, kar ki kankare mini."

Huraira ta saki. Hannun ya koma ciki.

"Ke ƴar wa ce?"

"Ƙanwar Sallau."

"Wanne ne Sallau?"

Wallahi haka ta ce. Wanne ne Sallau.

"Wanda ya kawo miki gyada buhu biyu."

"Au, mai jaki! Yaron kirki. In ya zauna nan har numfashinsa nake ji. Na ce masa marigayi ya bar kamiyo babu direba, tun ranar yake koyon tuƙi da faifai."

"Irin shukar innata ne."

"Ni gyada aka kawo mini. Ba a ce mini ta wace ce ba."

"Ba ki jin tsoron Allah? Ki zauna kina wasa da takaba? Uwata na can ta rame kamar kara, ko dariyar jikarta ba ta iya amsawa, ke kin mai da abin sana'a?"

"Ƙanwata, rage murya, ko kuma ki ɗaga, duk ɗaya. Ni ban taɓa roƙon namiji ba. Hannu kawai nake miƙawa. Kin san daɗin takaba? Ba a neman auren mai ita. Haramun ne. Don haka duk wanda ya zo, a ɓoye ya zo, a ɓoye zai koma. Ko amininsa ba ya gaya wa. Kowa na da lokacinsa, wani hantsi, wani bayan azahar, wani bayan la'asar. Kowa na ganin shi kaɗai ne, kowa na so kayansa su riga shiga ɗaki kafin in fita."

"In kin fita fa?"

"Fita zan yi mana. Ta tasha."

Huraira ta fusata. Amma ta haɗiye. Ba faɗa ya kawo ta ba, iri ya kawo ta. Ta durƙusa a kan gwiwa.

"Ki riƙe na masu shi. Ban zo tona miki asiri ba. Ki ba ni buhunan nan in tafi, ba wanda zai ji daga bakina. In ruwa ya sauka ba mu shuka ba, babu inda za mu sami wani. Gonar nan ita kaɗai Baba ya bar mata."

"Wanda ya kawo shi zai zo ya karɓa."

"Yana jin kunya."

"To ya ci kunyar, ni in ci gyadar."

"Haka kika ce?"

"Iya Ɗela! Baƙuwa za ta tafi."

Huraira ta miƙe. Ta gyara ɗaurin zane. Ta fita ƙofar gida, ta tsaya tsakiyar hanya inda masu zuwa kasuwa ke wucewa.

Ta ɗora hannu biyu a ka.

Ta kurma ihu.

"Wayyo Allah! Wayyo Gimbiya! Jama'a ku zo! Gimbiyar gidan Iya Ɗela! Wayyo ni!"

Ba ta ce ta mutu ba. Ba ta ce komai ya same ta ba. Suna kawai ta kira.

Ku zo ku ga gudu.

Na farko Alhaji Mainassara mai kanti, mutumin da ko kiran salla bai taɓa sa shi sauri ba. Ya taho babbar riga a kafaɗa, takalmi ɗaya a ƙafa, tumbi na gaba yana biye.

"Me ya same ta? Me ya same ta? A kira likita, ni zan biya!"

Bayansa Mushe Mutari malamin lakwal, wato makarantar boko, inda Mushe ake ce wa malami, a kan keke, alli duk a hannu. Ya bar ƴaƴan mutane a aji. Ya yar da keken a kwata.

"Tana numfashi? Ku ba ta iska! Ku matsa, ku ba ta iska!"

Suka yi karo a bakin zaure. Suka tsaya. Alhaji ya dubi Mushe, Mushe ya dubi Alhaji.

"Mushe, kai kuma me ya kawo ka?"

"Wucewa nake, Alhaji. Kai fa?"

"Ni ma wucewa nake."

Da takalmi ɗaya.

Sai ga Sallau. Ashe tun safe yana bakin kasuwa ƙarƙashin bishiyar bedi, ya sha wanka, yana jiran lokacinsa. Ya ratso mutane yana haki, ido jawur. Yana ɗaga kai ya ga mai ihun.

"Huraira?"

"Na'am, Yaya."

"Me kike yi a nan? Wa kika bar wa Inna?"

"Rumbu na bar mata. Ta yi ta hira da shi, ai yanzu da fili a ciki."

Ya sunkuyar da kai.

Kafin a ce haka ƙofar gidan ta cika. Mata masu tallan fura sun sauke ƙwarya, mahauta sun baro nama, har makafi sun tsaya. Aka ce a ba da hanya, ga mai unguwa Jibo. Aka shimfiɗa masa buzu a bakin zaure, ya zauna yana gyara rawani.

"Wace ce mai tara mana jama'a da rana tsaka?"

Huraira ta durƙusa.

"Ni ce, ranka ya daɗe. Huraira ƴar marigayi Malam Bubakar na Kwaya. Irin gyadar uwata buhu biyu na cikin ɗakin can. Yayana ya kawo ba da saninta ba. Shi na zo karɓa. Kuma matar da ke ciki ba takaba take ba."

Wuri ya ɗauki salati.

Daga bayan asabari kuka ya taso, siriri, mai karya zuciya.

"Ranka ya daɗe, ni baƙuwa ce. Ba ni da kowa a garin nan sai Allah. Mijina ko bushewa kabarinsa bai yi ba, a zo har ɗaki a ci mini mutunci."

Alhaji ya share ido da hannun riga. Na rantse muku.

"Ta fito da hannunta," in ji Huraira. "Hannu kawai. Mata su duba."

Mai unguwa ya daka mata tsawa.

"Ke yarinya! A ina aka taɓa fito da mai takaba gaban maza?"

"To mata su shiga."

"Ba mai shigar mini ɗakin baƙuwa," in ji Iya Ɗela, ta tare ƙofa da ƙugu. "Amana ce a hannuna."

"Ka ji," in ji mai unguwa. "Mai gida ta hana."

Ya yi saurin cewa haka da yawa. Wata mai fura ta zunguri ƴar'uwarta. Ni dai ban ce komai ba. Amma tun da ya zauna bai dubi asabarin nan ko sau ɗaya ba, kuma ba wanda ya nuna masa ƙofar da ake magana.

Ya yi gyaran murya.

"Maganar kaya kuwa mai sauƙi ce, kowa ya san yadda ake yi. Abin da mutum ya kai gidan mutuwa sadaka, ya tafi, ba ya dawowa, ladansa na lahira. Abin da aka kai na neman aure, in aure bai yiwu ba, a mayar wa mai shi. To sai mu tambaya. Akwai wanda ya kawo kaya gidan nan da sunan neman aure? Ga mace cikin takaba?"

Ya ja kalmar takabar nan har ta kai bakin kasuwa.



"Alhaji Mainassara, an ce an ga yaranka sun shigo da gadon ƙarfe da atamfofi."

"Sadaka ce!" Alhaji ya faɗa har da tsalle. "Sadaka ce, ranka ya daɗe. Marigayi abokin cinikina ne."

"Ya sunansa?" in ji Huraira.

Alhaji ya buɗe baki.

"Alhaji muke ce masa."

Mata suka tuntsire.

"Mushe Mutari, kai kuma rediyo."

"Don ta riƙa jin wa'azi ne. Sadaka ce. Ni mutum ne mai aikin gwamnati, ina ni ina irin wannan magana."

Muryar bayan asabari ta ce, "Allah ya saka muku da alheri, bayin Allah. Allah ya kai ladan kabarinsa."

Suka amsa da amin. Su biyun. Da ƙarfi ma.

Kai, maza! A yi maka fashi da rana tsaka, ka ce amin, don kar a ce ka yi abin kunya. Gado ya tafi, rediyo ya tafi, su kuma suna tsaye suna gyara hula.

Mai unguwa ya juyo.

"Saura kai, samari. Ya sunanka?"

"Sallau."

"Sallau, gyadar nan da ka kawo, sadaka ce ko kuwa?"

Sallau ya dubi ƙasa. Ya dubi Alhaji. Alhaji ya gyaɗa masa kai a hankali, irin na ka bi sahu, yaro.

"Yaya," in ji Huraira. "Dube ni."

Bai duba ba.

"Yaya, Alhaji in ya koma kanti akwai wani gadon. Mushe ƙarshen wata zai ɗauki albashi. Mu fa? Kai ka ga Baba yana zaɓar irin nan ƙwaya ƙwaya, yana tari, yana ware mai kuturta. Da yunwa ta matsa, Inna dusa ta dafa mana ba ta taɓa buhun nan ba."

"Ki yi shiru, Huraira."

"Ba zan yi ba."

"Ba ki san komai ba. Ta ce in ta fita, kamiyon..." Ya datse harshe.

"Kamiyon me?" in ji mai unguwa, ido a kansa. "Yi hankali da bakinka, yaro. Ubanka malami ne. Uwarka na cikin takaba yanzu haka. In ka ce ka nemi matar mamaci, har Kwaya maganar za ta riga ka isa. Wa zai ba ka ƴa bayan haka?"

Muryar zuma ta sake fitowa, ƙasa-ƙasa, kamar shi kaɗai take wa.

"Malam Sallau, kar ka ɓata sunanka saboda ni. Kai mai zuciya ne, na sani. Faɗi abin da ya fi maka sauƙi."

Sallau ya gyaɗa kai. Kowa ya gani.

"Sa..." in ji shi. "Sada..."

Huraira ta miƙe tsaye. Ta manta da mai unguwa, ta manta da durƙuso.

"Ɗazu da na zauna kan tabarmar can, ka san abin da ta ce? Kai ne? Tun safe zuciyata ke ce mini kana tafe."

Sallau ya ɗago kai da sauri.

Alhaji ma ya ɗago.

Mushe ma.

Mai unguwa ya shiga tari.

"Da na ce ni ƙanwar Sallau ce, ta ce wanne ne Sallau. Sai da na ce mai gyada ta gane. Mai jaki take ce maka, Yaya."

"Ƙarya take mini!" in ji muryar ciki.

"To shi ke nan, ƙarya nake. An hana mata su ga hannunta. Amma akwai waɗanda suka gan shi. Duk wanda ya taɓa miƙa kaya ta ƙarƙashin asabarin can ya gan shi. Alhaji, wane launi ne hannun?"

"Ni ina na sani? Ni kaina a sunkuye nake ba da sadaka."

"Mushe?"

"Ban lura ba."

"Kai da ke gane tawada a yatsan yaro daga bakin aji?"

"Na ce ban lura ba!"

Ta juyo ga yayanta.

"Yaya. Kullum da safe kana shiga gaida Inna. Kana ganin hannunta a kan carbi. Don girman Allah, hannun da ke bayan asabarin nan, irin na Inna ne?"

Sallau ya dubi ƙasan asabarin. Ƙuda ya sauka a goshinsa bai kore shi ba.

"Ja ne," in ji shi.

"Me ka ce?" in ji mai unguwa.

"Ja ne. Lalle ne. Har farce." Hawaye suka zubo masa. "Na gani. Na riƙe shi ma. Ba sadaka na kawo ba, ranka ya daɗe. Aurenta na zo nema. Na san tana takaba na nema. Na saci irin uwata na kawo. A faɗa a Kwaya, a faɗa ko'ina. A ba ni kayana."

Wuri ya kece.

"Lalle? A takaba?"

"La ilaha illallahu!"

"Ku kuma gardawan banza, ba wanda ya yi tunani?"

Wata tsohuwa mai daddawa ta matso har gaban Alhaji tana tafa hannu.

"Alhaji, mata uku gare ka a gida. Uwarka ta yi takaba a gabanka. Ka ga jan hannu ka ce mai takaba ce? Me kake kallo?"

"Ai shi yake kallo, Iya," in ji mai fura. "Shi ya hana shi gani."

Alhaji ya shiga neman ɗayan takalminsa, wanda bai zo da shi ba. Mushe ya tuna ya bar yara a aji.

"Ba inda za ku," in ji matan, suka tare hanya da ƙore. "Ku tsaya ku ga ƙarshen sadakarku."

Mai unguwa ya gyara zama. Shi ya kafa hukunci da bakinsa gaban jama'a, ba damar janyewa. Ya share gumi da jelar rawani.

"To. Yaro ya faɗa. Kayan neman aure ne. A mayar masa. Ɗela, fito da buhunan."

Iya Ɗela ba ta motsa ba.

"Ɗela!"

"Suna cikin gida, ranka ya daɗe. A madafa."

"Me suke yi a madafa?"

Mahauta biyu suka shiga suka kinkimo su, suka dire a ƙofar gida. Su ne. Ga facin da Inna ta yi wa ɗaya da baƙin zare. Cike suke, ba a rage ko tiya ba.

Huraira ta faɗi a kansu ta rungume.

"Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi."

Sallau na tsaye gefe, ba mai kallonsa, ba wanda ya matso kusa da shi. Sunansa ya riga ya tafi. Amma ya yi ajiyar zuciya, ko ba komai Inna za ta shuka gonarta.

Huraira ta kwance bakin buhu. Ta tura hannu har gwiwar hannu, ta ɗebo.

Ta tsaya.

Ta murza ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu. Jan ɓawon ya saɓule ya tashi a iska.

Ta kai baki. Ta tauna.

Ƙarus.

Ta kwance na biyun da sauri. Ta tono daga can ƙasa. Ta tauna.

Ƙarus.

"Iya Ɗela," in ji ta, murya can ciki. "Wa ya soya?"

"Ni ba ruwana, ƴar nan. Ita ta sa ni, jiya. Ta ce buhu ana gane shi, amma in an matse mai an zuba a gwangwani ba mai cewa nasa ne. Yau da yamma za a kai niƙa."

Kowa a wurin ɗan manomi ne. Kowa ya san soyayyar gyada ko shekara ta yi a ƙasa ba ta tsirowa.

Tun Huraira na durƙushe tana roƙo, tun ana ce wa Sallau ya zaɓa, Gimbiya ta sani. Ta bar shi ya tsaya gaban duniya ya yaga rigarsa a kan abin da ya riga ya mutu a kasko.

Huraira ta tashi da gyada cike da hannu. Ta je gaban yayanta. Ta kamo tafinsa ta juye masa.

"Ci, Yaya."

"Huraira..."

"Ci mana. Gonar Inna ce ta bana. Kai ka noma."

Ta juya. Ta nufi zaure.

"Ke yarinya, tsaya nan!" in ji mai unguwa.

Iya Ɗela ta ware hannu a bakin ƙofa. Tsohuwa mai daddawa da mai fura suka ɗauke ta cak kamar tulu, suka ajiye gefe.

Huraira ta taka sabuwar tabarmar da ƙafarta mai rairayi.

Ta kama asabarin da hannu biyu.

Ta fizge.